Ranar da Tanimu Ya Daka wa Surukinsa Tsawa

Dogo, ƙasar Damagaram,
farkon damina.

Zuwa ga Yaya Shatu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Nomau da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara masa buɗi a fataucin goro, ya tsare ku daga ciwo da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan tata da kan tashi in hadari ya haɗu, bakinta kuwa bai tsufa ba ko kaɗan, jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan igiyar guga. Hauwa matata ta warke daga zazzaɓin da aka gaya miki, yara kuma suna ta ƙiriniyarsu.

Saƙonki ya iso ta hannun fataken da suka sauka Damagaram kafin azumi. Sun ce hankalinki ya tashi da labarin farin nan, kuma kina da gaskiya, don abin da kika ji ba ƙari a ciki. Bara gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye muna kallo. Babban rumbun Baba da kika sani mun share gindinsa tun da wuri, har kaji suka daina zagayarsa. Sun kuma ce kin yi tambaya biyu: ina aka kwana game da sanki na noma da kika yarda a sayar, sannan ko zan turo miki ɗanki Tanimu ya zo ya kama wa Malam tsaron rumfa, tunda noma ya ƙi. Amsar duka biyun labari ɗaya ce, don haka ki gyara zama, ki sa mai karanta miki ya sha ruwa tukuna.

Kin san tun ranar da kika bar mini riƙon Tanimu ban taɓa ganin ya tsaya wuri ɗaya ba. Ya yi rani biyu a Tafkin Cadi yana yi wa wani mai jirgi aiki, ya dawo yana cewa tafkin yana janyewa saboda fari, kifi ya rasa wurin gudu ya cunkushe a sauran ruwan, wanda duk ke da jirgi mai inji zai kwashi rabonsa. Na tuna abin da kika aiko a lokacin, wai inji dai ba ya cin ciyawa, amma kuma ba ya jan garma. Mun sayar da san kafin ya zama ƙashi da fata, surukin Tanimu ya cika abin da ya rage, aka sayi wani ɗan jirgi na hannu, mai jikin ƙarfe marar nauyi irin na tukwanen zamani, da injin da ake ratayawa a bayansa. Da na fara ganinsa sai da na ƙwanƙwasa jikinsa. Na ce yanzu wannan kwanon wanki ne san Yaya ya koma?

Tunda ba ki zo bikin ba, bari in kwatanta miki surukin nan. Sunansa Baba Mala, mahaifin Fanta matar Tanimu, Babarbare ne na cikin Birnin Damagaram, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da gabas yana fataucin kanwa da barkono. Mutum ne da Allah ya yi wa jiki. Farin nan da ya ramar da kowa, shi ko wuyan rigarsa bai saki ba, kuma ba don yana ci shi kaɗai ba ne, don ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu karɓar koko. Jiki ne kawai na gado. Ga raha, ga dariyar da ake ji daga wata unguwa. Ɗanki kuwa kunyarsa yake ji irin wadda ban taɓa gani ba. Tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, in za su yi magana sai ta bakina ko ta bakin Fanta. Akwai wani mai sayar da isansi, wato man fetur, a Boso ta bakin tafki, shi ma sunansa Mala, Tanimu bai taɓa kiransa da komai ba sai mai sunan Baba.

Bayan an tabbata ba abin da za a girbe, mu uku muka tafi, ni da Tanimu da Fanta. Muka bi ta Gure da Maine har Boso, daga nan muka shiga ruwa zuwa wani tsibiri inda masunta suka yi sansani. Yaya, gani ya kori ji. Ni da na tsufa da hauya a kafaɗa, sai ga ni ina feɗe tarwaɗa daga safe har hannuna ya yi kanta. Tanimu yana ruwa, ni ina wuƙa, Fanta tana wuta. Yarinyar nan ita ta yi bandar kifin nan duka, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi, ban taɓa jin ta ce wash ba. Duk buhun banda da muka ɗinke sai ta dafa shi ta ce wannan na Inna ne, wannan na iri ne, wannan na yaran Kawu ne. Mu dai ba kifi muke gani a buhunan nan ba, gero muke gani.

Da zafi ya shigo sai ruwa ya shiga ja da baya kullum. Tsakanin tsibirinmu da bakin gaɓa akwai wani mashigi dogo wanda dole sai ta cikinsa ake fita. Bulaman sansanin, wato shugaban wurin, ya tara mu ya ce mashigin nan ya kusa rufewa, wanda ke da niyyar fita ya fita. Ruwansa bai kai gwiwa ba, a ƙarƙashi kuma laka ce mai haɗiye mutum har ƙugu, ba a taka ta a tura jirgi, gorar tuƙi ma in an kafa ta sai ta nutse. Ana cikin haka sai ga Baba Mala ya iso a cikin babban kwale-kwalen da ya yi shigowar ƙarshe. Ya zo ganin 'yarsa, ya kuma kawo albishir cewa ya kama mana wuri a wani kamiyo da zai tashi daga Boso bayan cin kasuwa. Kwale-kwalen ya juya cike da kayan mai shi, namu kifin na ƙarshe yana kan wuta, muka ce ba komai, ai muna da namu jirgin. In muka rasa kamiyon nan ba wanda ya san ranar zuwan wani, banda kuwa in ta daɗe cikin zafi ƙwaro yake mayar da ita gari, ga damina tana ƙaratowa, gida ba abinci ba iri.

Yanzu sai in gaya miki yadda jirgin nan yake, kamar yadda ɗanki ya koya mini. In yana tafiya a hankali, a cikin ruwa yake zaune, yana tura ruwa da ƙirji kamar sa yana jan garma. In aka murɗa masa wuta sai ya fara ɗaga hanci sama, gindinsa ya nutse. In ya samu ya wuce wannan gaɓar, sai hancin ya sauko, jikin duka ya taso ya kwanta a bisa ruwa yana sulɓi. Wannan shi Tanimu yake kira hawa ruwa. Jirgin da ya hau ruwa ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi wucewa. Wanda bai hau ba kuwa, farfelar injinsa laka za ta tona ya kafe. Kafin bakin mashigin akwai wani gurbi mai zurfi, a nan ne kaɗai za a ɗauko gudu. Ko dai mu hau ruwa a cikin gurbin nan, ko mu zauna a tsibiri mu da kifinmu.

Da safe muka yi lodi. Buhuna suka cika tsakiyar jirgi, aka sa taru da turmin Fanta da tukwane da tabarmi. Sai maganar wurin zama ta taso, a nan ne ƙanenki ya nuna gwanintarsa. Mu mutanen tudu mun san wurin babban mutum a mota, wato kusa da direba. Tunda direban jirgi a baya yake zama yana riƙe da hannun inji, sai na ɗauki buzuna na shimfiɗa a bencin baya, na ce wa Baba Mala bismillah, ga wurinsa. Ya yi godiya, ya tattara riga ya zauna, jirgi ya yi wani nishi. Ni na haye kan buhuna, Fanta da ba ta fi kara nauyi ba ta zauna a can gaba. Na ga Tanimu ya tsaya a cikin ruwa yana kallon buzun nan, na ɗauka kunyar zama gwiwa da gwiwa da suruki ce ta kama shi. Har tsokanarsa na yi. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Muka shiga gurbi, Tanimu ya murɗa wuta. Inji ya yi kuka, hancin jirgi ya tashi sama har Fanta ta koma kamar tana kan soro, bayan jirgi ya nutse, ruwa yana lasar gefen buzu. Muka yi ta turawa a haka, igiyar ruwa tana bin mu kamar kunyar dankali, jirgi ya ƙi hawa. Da muka kusa bakin mashigi dole ya sassauta ya juyo. Duk wannan abin da fuska a karkace yake tuƙi, don kada idonsa ya faɗa cikin na surukinsa. Muka koma tsibiri. Ya shiga ruwa ya cire ciyawar da ta naɗe farfela, ya kankare gansakukar da ke ƙasan jirgi, ya zare ƙusar da ke riƙe da ƙafar inji ya mayar da ita ramin da ya fi kusa da jikin jirgi, wai hakan yana danna hanci ƙasa. Ya kwashe ɗan ruwan da ya taru a ciki, ya tura bidon isansi, wato jarkar mai, gaba, ya matsar da buhuna iyakar matsuwa. Amma kin san banda, girma gare ta ba nauyi. Muka sake gwadawa, jirgi ya yi kamar zai hau, ya fasa.

Daga nan aka shiga rage kaya. Taru ya fara sauka, muka bar wa Bulama ajiya. Turmin Fanta ya bi, da tukwane, da dutsen da muke ɗaure jirgi da shi. Ni har bargona na ajiye da tsofaffin takalmana, kamar su ne suka hana mu tashi. A tsakiyar haka na ji Tanimu ya ce wa Fanta, da muryar da kowa zai ji, wai gaban jirgi ya fi iska mai daɗi, bayan kuwa hayaƙin inji yana damun manya. Fanta ta isar wa mahaifinta. Baba Mala ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, amma shi da ya shekara talatin yana shaƙar hayaƙin kamiyo ba zai raba 'yarsa da iska ba, kuma wurin da Malam Suma'ila ya shimfiɗa masa da hannunsa ba zai tashi daga kai ba. Muka sake fita, muka sake dawowa. Rana ta take, bidon isansi ya yi sauƙi a hannu.

Sai a sannan ɗanki ya ja ni bayan wata bukka. Gumi yana zuba daga haɓarsa, ya ce mini kayan ba su fi ƙarfin injin ba, nauyin ne ya taru a baya, in da Baba zai koma hancin jirgi da tuni mun wuce. Na ce to me ya hana ka faɗa tun safe? Ya dube ni ya ce ta yaya zai buɗe baki ya tashi surukinsa daga wurin girma, ya kuma nuna masa cewa jikinsa ne ya danne jirgi? Ya ce gara ya yi iyo da buhunan nan a ka. Na ce ya bar mini, ai ni babba ne, magana ce ta manya. Na gyara hula na nufi Baba Mala da ƙarfina. Yaya, da na tsaya gabansa ya ɗago ya yi mini murmushin nan nasa, sai na ji bakina yana tambayarsa yaya gwiwa, yaya gajiyar hanya. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce madalla, na juyo. Kada ki yi mini dariya, ke ma da kina wurin ba za ki iya ba.

Da Tanimu ya ga na dawo hannu rabbana, sai ya sunkuyar da kai ya shiga sauke buhunan kifi. Isansin da ya rage gwaji ɗaya zai yi da tafiya zuwa gaɓa, ba ƙari. Ya sauke na farko, ya sauke na biyu, ya kama na uku. Fanta ta zo ta tsuguna kusa da buhunan da aka ajiye a kan yashi, ta ɗora hannu a kan ɗaya, hawaye suna bin fuskarta. Na san wanne ne, shi ne wanda ta ce na iri. Wallahi a lokacin na ji zuciyata ta karye, don na tuna Inna tana zaune tana jiran mu a gindin rumbun da ba komai.

Baba Mala ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya kira ni, ya ce a mayar da buhunan nan cikin jirgi, ko ƙaya ɗaya ba za a bari ba. Ya ce shi ɗan fatauci ne, ya san in mota ta kasa hawa tudu fasinja ne yake sauka, ba kaya ba. A bakin mashigi akwai wani tudu inda Buduma makiyaya suka yada zango da shanunsu, ya ce a ajiye shi a can, zai bi su ta ƙasa in sun tashi, ko yaushe ne. Na ce haba Baba, tafiyar kwanaki ce cikin wannan zafi, da wannan gwiwa taka? Ya ce yaran Dogo ba za su ci gwiwarsa ba, gero za su ci. Fanta ta yi ta roƙonsa da Barbarci, ya girgiza kai. Tanimu kuwa ko musu ba ya iya yi da shi, sai ya mayar da buhuna yana haɗiyar zuciya. Ni na san in muka bar mutumin nan a tudun can, ko gero ya cika rumbu ba zai yi mana daɗi a baki ba.

Muka tashi. Tanimu ya nufi tudun Buduma ta cikin gurbi, hanci a sama kamar ɗazu. Muna tsakiya sai Baba Mala ya ce mini shi mai jiki ne, tashinsa aiki ne, kada a ƙona isansi ana jiran sa a bakin tudu, gara ya fara matsawa gaba tun yanzu don da an taɓa ƙasa ya dira. Ya kama gefen jirgi ya shiga rarrafe a kan buhuna, yana nishi yana ba ni haƙuri don ya taka mini ƙafa. Ya wuce ni, Fanta ta matsa masa, ya dafa hancin jirgi da hannu biyu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Sai na ji hancin nan yana saukowa a hankali, kukan inji ya sake, ya koma wata siririyar murya, jirgi ya yi wani irin miƙa ya taso. Ruwan da muke turawa da ƙirji ya koma yana tsartuwa ta gefe. Baba Mala ya firgita, ya ɗauka nutsewa za mu yi ta gaba, ya yunƙura zai koma baya.

A nan ne, Yaya, na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba har in mutu. Ɗanki, wanda ba ya iya tari a gaban surukinsa, ya miƙe wuya ya dubi tsabar idonsa ya daka masa tsawa, ya ce Baba zauna, zauna nan, kada ka motsa! Ni ma ya haɗa da ni, ya ce Kawu matsa gaba! Baba Mala ya koma daɓas kamar yaron da malam ya tsawata wa. Tanimu ya murɗe hannun inji har ƙarshe, ya karkatar da kai daga tudu, ya saita bakin mashigi.

Ban san yadda zan kwatanta miki tafiyar nan ba. Mun wuce tudun Buduma suna ɗaga mana sanduna. Muka faɗa mashigi, ina ganin laka a ƙarƙashinmu kamar in miƙa hannu in taɓa, ga kwale-kwalen mutane a kafe dama da hagu an bar su, tsuntsaye suna tashi a gabanmu. Wuri ɗaya ƙafar inji ta shafi ƙasa, jirgi ya girgiza, na ce shi ke nan, sai ya wuce. Iska ta cire hular Baba Mala ta tafi da ita, ta cika masa riga ya ƙara zama biyu. Da farko salati yake yi, can sai na ji salatin ya koma dariya, irin dariyar nan tasa, yana dukan ƙarfen jirgi da tafin hannu. Fanta ta rangaɗa guɗa hawaye ba su bushe mata ba. Ni kuwa na rungume buhu ina ihu ban san me nake faɗa ba. Tun ina yaro da muke tsere a kan jakunan Babanmu ban ji daɗi irin na ranar ba.

Da muka fito ruwa mai zurfi muka hango gaɓa, sai hankalin Tanimu ya dawo jikinsa, ya tuna abin da ya yi. Muna taɓa ƙasa ya ɗaure jirgi, ya ce zai je neman masu dako, ya ɓace. Ni da Fanta da Baba muka yi ta jira, masu dako suka zo, shi bai zo ba. Baba Mala ya zauna a kan buhu kansa ba hula, ya dube ni ya ce ashe tun safe shi ne turmin da ya kamata a matsar, muka bar na Fanta a tsibiri? Na ce ai girmamawa ce. Ya ce girmamawar mutanen Dogo ta kusa sa shi kiwon shanun Buduma. Muka yi dariya har cikina ya ƙulle. Mun samu kamiyo yana lodi. Direba ya buɗe masa gaba kamar yadda aka saba, ya ce a'a, a tambayi surukinsa tukuna inda ya kamata ya zauna.

A Damagaram kifi ya yi kasuwa, Baba Mala ya tsaya da kansa har aka juya shi ya zama hatsi. Ranar da amalanke ya shigo gidanmu da buhunan gero, Inna ta kwance bakin ɗaya, ta nutsa hannu har gwiwar hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta sa aka ware na iri aka kai ɗakinta kafin a taɓa na ci, ta kuma aika wa maƙwabta da kwano-kwano. Da yamma aka ji daka a gidanmu, har mata suna leƙowa ta katanga. Ruwan shuka ya sauka bayan haka ba da daɗewa ba, mun shuka gonar gabas da ta bakin fadama, kuma yau da nake rubutun nan gero ya fito ya yi kunnen kura. Saura mu roƙi Allah ya ɗore da ruwa.

Baba Mala kuwa ba wanda bai ba labarin nan ba a cikin Birni, kullum kuma tsawar ƙara girma take yi a bakinsa. Ɗanki ya koma tuɓe takalmi tun daga bakin kasuwa. Makon jiya Baba Mala ya zo Dogo takanas da sabuwar hula, Tanimu yana jin sallamarsa ya haura katanga ta baya. Baba Mala ya zauna ya sha fura, ya ba ni hular ya ce in ba yaron, tasa ce ya saya don maye wadda iska ta ɗauke, amma ya ga ta fi dacewa da kan mai jirgi. Ya ce in gaya miki kin haifi ɗa mai kunya, ya gode, amma ya fi gode wa Allah da kunyar ta san ranar da za ta kauce.

Don haka, Yaya, ina roƙon ki bar mana Tanimu. Rumfar Malam za ta samu mai tsaro, mu kuwa gidan nan a kan jirginsa ya tsallake bana. Jirgin yana Boso a hannun amintacce, bayan girbi zai koma ya bi ruwan duk inda ya ja, ya kuma karɓo wa Fanta turminta, don ta ce ba ta yafe ba. Ga ɗan ƙunshin banda nan na ba fataken su kawo miki, daga buhun da aka sauke a kan yashi aka mayar na ɗebo shi. Ki sa a miya ki ji abin da surukarki ta iya.

Ki gaishe mini da Malam Nomau da kyau, da Ladi da Yusufu da autarki Amina, ki ce Kawu yana sa musu albarka. Hauwa da yara suna gaishe ki. Fanta tana gaishe ki cikin ladabi, Baba Mala da Hajja matarsa sun ce a miƙa gaisuwarsu. Tanimu yana nan zaune a bakin ƙofa da hular a kansa, ya ce kada in rubuta maganar tsawa, na ce masa ban rubuta ba. Inna ta ce in gaya miki ki daina tambayar sanki, bai ɓata ba, jiya ma tuwonsa ta ci ta ƙoshi.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Suma'ila.